Tafiyata zuwa Corvallis, inda rukunin jami'o'i 12 ya koma 2

Ni dai gaskiya ƙwallon Amurkawa bata taɓa burge ni ba, wannan da ake saka hular kwano ana ture-ture ana rungumar ƙwallo a gudu, mu Firimiya muka sani. To a watan Nuwamban 2024 naje Portland gurin Yayana, ɗan wan babana ne, ya daɗe a jihar Oregon don a jami'ar Oregon State yayi karatu, sai yace min ranar Asabar in shirya za mu Corvallis kallon wasa. Nace Yaya wasan ɗalibai za mu ƙona mai mu je gani? Yace kai yaro ne, waɗannan ɗaliban da kake rainawa biliyoyin daloli ke yawo a kansu, kuma wasan yau na daban ne, ƙungiyoyi biyu ne kacal suka rage a rukunin da ake cewa Pac-12, Oregon State da Washington State, sauran goman duk sun tattara kayansu sun gudu.

Mun ɗauki babbar hanyar I-5 muka nufi kudu, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce in babu cunkoso. Bayan an wuce Salem sai fili ya buɗe, gonaki kore shar duk da sanyi, tumaki na kiwo a ciki, na ɗauka alkama ce ashe wai ciyawa ce ake nomawa don a sayar da irinta, masu shuka ciyawa a ƙofar gida da filayen wasa su ke saya. Yaya ko bai damu da gonakin ba, tun daga Portland yake zuba, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya yana nuni kamar mai wa'azi.

Abin da na fahimta a bayaninsa, jami'o'in Amurka kashi-kashi suke, kowane rukuni yana da gasarsa, kuma rukunin ne ke zama da gidajen talabijin ya sayar musu da damar nuna wasanni, kuɗin ya shigo a raba wa kowa. Kamar gandu dai, a yi noma tare a zuba a rumbu ɗaya, har ranar da manyan 'ya'ya suka ga cewa gumin su ya fi rabon da ake basu. Yace da can hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in ƙasar, ita ce ke riƙe da harkar talabijin gaba ɗaya, sai a 1984 kotun ƙolin Amurka ta ƙwace a hannunta bayan jami'o'in Oklahoma da Georgia sun kai ƙara, tun daga nan kowa ya shiga kasuwa da kansa. Shi ko rukunin nan asalinsa tun 1915, a Portland ɗin da muka baro ma aka zauna aka kafa shi, kuma Oregon State na cikin huɗun farko, ita da jami'o'in Oregon da Washington (ba Washington State ba) da California. Wato da ita aka aza tubalin gidan.

Nace to me ya watsa su? Yace kuɗi mana, me kuma. A 2021 Texas da Oklahoma suka ce za su koma rukunin SEC, kowa ya fara duba maƙwabcinsa. Ranar 30 ga Yunin 2022 sai jami'o'in USC da UCLA na cikin Pac-12, dukkansu na Los Angeles, suka ce sun tafi Big Ten, rukunin da asalinsa na tsakiyar ƙasar ne can gefen Chicago. Ba'a yi wata biyu ba Big Ten ta sa hannu da gidajen talabijin na Fox da CBS da NBC, shekara 7, sama da dala biliyan 7. Big 12, wani rukunin, ita ma tayi wuf ta kulla nata da ESPN da Fox, kusan dala miliyan 31 ga kowace jami'a a shekara. Su ko shugabannin Pac-12 suna ta jan aji wai sun fi ƙarfin wannan farashin, ga tashar da suka buɗe ta kansu tun 2012 bata taɓa shiga DirecTV ba, babban kamfanin tauraron ɗan adam da ke kai tashoshi gidaje, kuɗin da aka yi tsammani bai zo ba. Har aka kai Agustan 2023 abin da kwamishinan su George Kliavkoff ya iya kawowa shi ne tayin Apple, dala miliyan ashirin da 'yan kai kowace jami'a, kuma a intanet za'a riƙa kallo, ƙarin kuɗi sai in mutane sun yi rajista da yawa. Colorado dama ta riga ta fice a ƙarshen Yuli. Ranar Juma'a 4 ga Agusta Oregon da Washington suka bi Big Ten, kafin dare Arizona da Arizona State da Utah sun bi Big 12. Rana ɗaya fa. Stanford da California suka samu mafaka a ACC, rukunin da sunansa ma na gaɓar tekun Atlantika ne alhali su a bakin Fasifik suke.

Mun sauka daga I-5 muka hau hanya ta 34, muka tsallaka kogin Willamette sai ga garin. Ƙaramin gari ne, mutanensa kamar 60,000, kuma in ka cire jami'ar ban san me zai rage ba. Komai ruwan lemo da baƙi, tutoci a ƙofar gidaje, shaguna, har wani kare na gani an sa masa riga. Mun fara tsayawa masallacin garin, Salman Alfarisi, kusa da jami'ar yake, muka yi azahar, Yaya ya gaisa da tsofaffin da ya sani tun yana ɗalibi.

Wajen ajiye motoci kuwa biki ne sosai, tun safe mutane suka kafa rumfuna a bayan motocinsu suna gashi, hayaƙi ko'ina, kowa ya ganka sai ya miƙo maka faranti. Ni dai ina ta kaucewa don yawanci alade ne, sai da wata tsohuwa, matar wani tsohon abokin aikin Yaya, ta rantse min kifi ne zalla a nata gefen sannan na karɓa. Mijinta ne ya ɗora daga inda Yaya ya tsaya, shi da zafi ma. Ya nuna min filin wasan, Reser, yace ka ga wancan ɓangaren na yamma, sabo ne fil, dala miliyan 162 aka kashe, an buɗe shi a 2023, makonni kaɗan bayan rukunin ya watse. An yi lissafin gini da kuɗin talabijin na babban rukuni, ginin ya ƙare kuɗin ya tafi.

Abin da ya tsaya min a rai kenan har yanzu, don mu da muka saba da ƙwallon Turai mun san in ka faɗi ajin ƙasa to wasa ne baka buga ba, ka sha kashi ka nitse, ka gyara ka dawo. Nan ba haka bane. Oregon State a 2022 wasa 10 taci, har jami'ar Oregon ɗin da aka ɗauka sai da ta doke ta, a 2023 ma tana cikin manyan 25 na ƙasar kusan duk kakar. California da Stanford a shekarun nan kashi suke sha amma su an ɗauke su, saboda suna kusa da San Francisco kuma suna da suna. Ba wanda ya tambayi wa ya fi iya wasa, tambayar ita ce gidaje nawa ne za su kunna talabijin saboda kai. Corvallis da Pullman, garin Washington State wanda bai ma kai Corvallis ba, basu da amsa. Na tuna 2021 da manyan Turai suka so yin Super League magoya baya suka fito titi abin ya rushe cikin kwana biyu, a nan ko an yi kuma ya zauna, don magoya bayan waɗanda aka ɗauka murna suka yi.

Na juya gurin mijin tsohuwar nan nace Baba to 'yan wasan fa? Yace sun watse mana. Kocin su Jonathan Smith, tsohon ɗan wasan makarantar ne fa, ya tafi Michigan State a ƙarshen Nuwamban 2023, wasu suka bi shi, Damien Martinez da ya fi kowa gudu da ƙwallo ya koma Miami. Bai zagi kowa ba cikin yaran, yace in shi ne ma zai tafi. Jami'ar Oregon yake jin haushi, tana nan Eugene tafiyar ƙasa da awa ɗaya, tun 1894 suke karawa, ga Phil Knight mai kamfanin Nike a bayanta yana zuba mata kuɗi, kuma ko a Big Ten ɗin ma ba cikakken rabo aka bata ba, kamar dala miliyan 30 ta yarda ta fara karɓa.

Cikin fili sanyi ya ishe ni, kujera kamar ƙanƙara. Ban gane dokokin ba sosai, Yaya yana min bayani ina mantawa, sai dai duk lokacin da baƙi suka zo yunƙuri na uku cikin huɗun da ake basu su ciyar da ƙwallo gaba sai a saki ƙarar injin yankan itace a lasifika mutane su miƙe suna ihu, don alamar makarantar wata dabba ce mai manyan haƙora da ke sare itace tana datse rafi. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina wani mutum ne mai jar hula. Ana cikin wasa sai ka ga ya shigo fili ya tsaya, alƙalai su tsaya, 'yan wasa su tsaya, mutum sama da dubu ashirin [mu da ke daskarewa] mu zauna jiransa. Na tambayi Yaya ko shi ne babban alƙali, yace ina, ma'aikacin talabijin ne, talla ake sakawa, sai ya fita za'a ci gaba. Wasan da agogonsa minti 60 ne sai da muka haura awa uku. Kuma tashar da ke nuna wasan CW ce, wadda da an fi saninta da finafinan matasa, ita ce ta ɗauki wasannin su bayan manyan sun juya baya.

Wasan kansa wallahi yayi daɗi, ban zata ba. Oregon State tazo ne bayan ta sha kashi sau biyar a jere, satin da ya wuce ƙungiyar makarantar sojan sama, Air Force, ta mata 28 da nema, ita ko Washington State wasa 8 ta riga taci, ga mai jefa musu ƙwallo John Mateer yana ta ɓarna. Aka yi ta ka ci na ci har 38 da 38, saura daƙiƙu kaɗan Everett Hayes ya buga ƙwallo daga yadi 55 ta shige tsakanin turaku, 41 da 38. Dattijon nan ya rungume ni har hulata ta faɗi, Yaya muryarsa ta dishe. Ba'a yi wata guda ba shi Mateer ɗin ya koma Oklahoma, kocinsu ma ya tafi Wake Forest.

A hanyar komawa cikin dare ne muka yi musu. Yaya yana ta min labarin yadda jami'o'in biyu suka kai sauran kotu a ƙaramin garin Colfax, alƙali ya basu ikon rukunin da dukiyarsa, masu tafiya suka bar dala miliyan 65, kuma daga 2026 rukunin zai farfaɗo, Boise State da Fresno State da San Diego State da Colorado State da Utah State duk sun amince za su shigo. Nace Yaya daga ina za su zo? Yace daga rukunin Mountain West. Nace ba su ne suka taimake ku da wasanni bana ba, har kuka biya su dala miliyan 14? Yace su ne. Nace kenan abin da Big Ten ta muku shi kuka juya kuka yi wa na ƙasa da ku, kuka tsince masu kasuwa kuka bar su Wyoming da New Mexico, har kun kai rukunin nasu kotu kan tarar dala miliyan 55 da suka ce ku biya. Yace wannan daban, mu tsira muke nema. Nace ai Washington ma haka tace. Yace in ban yi shiru ba zai sauke ni a Albany in jira jirgin ƙasa, kuma na safe ne.