Ranar zaɓe a Greensboro, garin da aka raba uku

Talata, 5 ga Nuwamba, 2024

Yau aka yi babban zaɓe a faɗin Amurka, kuma ko da yake hankalin duniya ya karkata ne ga takarar Donald Trump da Kamala Harris, abin da ya tsaya mini a rai tun wayewar gari shi ne kujeru 14 da jiharmu ta Karolina ta Arewa take da su a Majalisar Wakilai ta tarayya. Majalisar tana da kujeru 435, ana raba su tsakanin jihohi bisa yawan jama'a bayan kowace ƙidaya, kuma ƙidayar 2020 ce ta ƙara mana ta goma sha huɗun, inda kowace mazaɓa ta ƙunshi mutane kimanin 745,000. Duk bayan shekara biyu ake sake zaɓen dukan kujerun.

An buɗe rumfunan zaɓe da ƙarfe shida da rabi na safe, ni kuma na isa tamu bayan na sauke yara a gidan maƙwabta. Layin bai yi tsawo ba, domin mutane fiye da miliyan 4 a faɗin jihar sun riga sun kaɗa ƙuri'unsu a kwanakin zaɓen wuri. Wata dattijuwa mai tabarau rataye a wuya ta karɓi lasisin tuƙina, ta dubi hoton ta dubi fuskata, ta sa na faɗi sunana da adireshina da bakina, sannan ta miƙo mini doguwar takarda mai rubutu gaba da baya. Na shiga ɗan lungun da aka kange, na cike ƙananan da'irori da baƙin biro, har na iso gurbin ɗan majalisar tarayya. A nan na ga sunan Virginia Foxx ta jam'iyyar Republican da na Chuck Hubbard na Democrat, a ƙarƙashin mazaɓa ta 5. Foxx tana majalisa tun 2005, kuma gidanta yana can cikin duwatsun yammacin jihar, kusa da iyakar Tennessee, tafiyar sa'o'i biyu ko fiye a mota daga unguwarmu. Mutanen can manoma ne da masu hidimar 'yan yawon buɗe ido, kuma har yanzu suna fama da ɓarnar guguwar Helene ta ƙarshen Satumba. Ina tausaya musu ƙwarai, amma damuwarsu dabam, tamu ta mazauna birni dabam, kuma mutum ɗaya aka ce ya wakilce mu duka.

Shekara biyu da suka wuce ba haka lamarin yake ba. A zaɓen 2022 gundumarmu ta Guilford gaba ɗayanta, da Greensboro da High Point, tana cikin mazaɓa ta 6, kuma Kathy Manning ta Democrat, mazauniyar garin nan, ita ce wakiliyarmu. A wancan zaɓen kujerun jihar sun rabu daidai wa daida, 7 ga Republican, 7 ga Democrat, abin da ya dace da jihar da jam'iyyun biyu suke tafiya kafaɗa da kafaɗa a kusan kowane zaɓe. Taswirar da aka yi amfani da ita a lokacin kotu ce ta sa ƙwararru suka zana, bayan Kotun Ƙolin jihar ta soke ta majalisar dokoki a Fabrairun 2022 saboda ta fifita jam'iyya ɗaya fiye da kima. Sai dai a nan alƙalan Kotun Ƙolin jiha zaɓensu ake yi da tutar jam'iyya. A Nuwamban 2022 'yan Republican suka sami rinjayen alƙalai 5 da 2, a Afrilun 2023 sabuwar kotun ta warware hukuncin da ta gada, ta ce shata iyakokin mazaɓu don amfanin jam'iyya ba hurumin kotu ba ne. Kotun Ƙolin tarayya ma ta riga ta faɗi irin haka tun 2019, a shari'ar Rucho, wadda daga jihar nan ta taso. Da hanya ta buɗe, majalisar dokoki da ke Raleigh ta zana sabuwar taswira a Oktoban 2023, kuma dokar jihar ba ta ba gwamna ikon hawa kujerar naƙi a kan taswirar mazaɓu ba.

Bayan sallar azahar na rage wa wani dattijo hanya, mutumin Maraɗi, ɗaya daga cikin 'yan Nijar masu yawa da suka daɗe da zama a Greensboro. Yana riƙe da samfurin takardar ƙuri'a da aka raba a ƙofar rumfarsu, ta yamutse a hannunsa. Ya ce, "Ɗana, ina matar nan da muka zaɓa wancan karon? Na duba sama da ƙasa ban ga sunanta ba, ban ma ga kowa na jam'iyyarta ba." Na ce, "Baba, ai ba ta tsaya ba, tun Disambar bara ta janye." Gidansa bai fi tafiyar minti goma sha biyar daga nawa ba, amma shi yana mazaɓa ta 6, inda Addison McDowell na Republican ya tsaya ba tare da abokin hamayya daga Democrat ba, sai ɗan wata ƙaramar jam'iyya. Na yi masa bayanin cewa an yanka gundumarmu kashi uku, an liƙa kowane kashi da yankunan karkara masu yawan 'yan Republican a mazaɓu na 5 da 6 da 9, ta yadda ƙuri'un birnin ba za su taɓa haɗuwa su yi rinjaye ba. A Charlotte da Raleigh da Durham kuwa akasin haka aka yi, aka cusa masu zaɓen Democrat a mazaɓu uku, su ci da gagarumin rinjayen da ba zai amfane su a wani wuri ba. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, "To, ashe tun kafin a aza tukunya an raba tuwon."

Ba zan ɗora wa jam'iyya ɗaya laifin wannan ɗabi'a ba, domin adalci bai yarda da haka ba. 'Yan Democrat sun riƙe majalisar dokokin jihar nan tsawon shekaru masu yawa kafin 2010, kuma su ma sun zana taswira yadda ta yi musu daɗi. Mazaɓa ta 12 ta farkon shekarun 1990, wadda ta bi babbar hanyar I-85 siririya daga Durham har ta wuce Charlotte, ita ce ta kai ga shari'ar Shaw a Kotun Ƙolin tarayya a 1993. A yau ma suna yin haka a jihohi irin su Illinois. Abin da nake ƙi shi ne a bar wa 'yan siyasa alƙalamin zana mazaɓun da su da abokansu za su tsaya takara a ciki. Tim Moore, kakakin majalisar wakilan jihar da aka zartar da taswirar a ƙarƙashinsa, shi ne yau ɗan takarar Republican a sabuwar mazaɓa ta 14, wadda Jeff Jackson na Democrat ya bari bayan an sauya mata kamanni. Ko a Nijeriya, da duk ƙorafin da muke yi kan zaɓe, tsarin mulki hukumar zaɓe ya ba wannan aiki.

An rufe rumfuna da ƙarfe bakwai da rabi na dare, kuma sakamakon ya zo kamar yadda masu nazari suka yi hasashe tun bara. Foxx ta ci, McDowell ya ci, Richard Hudson na Republican ya ci mazaɓa ta 9, Moore ya ci, Brad Knott, shi ma ɗan Republican, ya karɓi ta 13 da Wiley Nickel na Democrat ya bari. Deborah Ross da Valerie Foushee da Alma Adams, dukansu 'yan Democrat, sun riƙe kujerunsu na birane. Mazaɓa ɗaya tak ce aka yi takara ta gaske a cikinta, wato ta 1 da ke arewa maso gabas, yankin karkara mai yawan baƙaƙen fata, inda Don Davis na Democrat yake gaban Laurie Buckhout ta Republican da 'yar tazara har lokacin da nake wannan rubutu. Idan ya tsira, lissafin zai zama 10 ga Republican, 4 ga Democrat. Wannan kuwa a daren da masu zaɓen jihar suka ba Trump rinjaye da ƙaramar tazara, suka kuma zaɓi Josh Stein na Democrat gwamna da babban rinjaye, suka ba Jeff Jackson kujerar antoni janar. Mutanen jihar ba su sauya ra'ayi har haka ba cikin shekara biyu, iyakoki ne aka matsar, kuma kujeru uku ba ƙaramin abu ba ne a majalisar da rinjayenta bai wuce a ƙirga da yatsu ba.

Dare ya raba, iyalina sun yi barci, ni kuma ina ta sabunta shafin hukumar zaɓen jihar a waya. Yanzu takarar kujerar Kotun Ƙolin jihar tsakanin Allison Riggs ta Democrat da Jefferson Griffin na Republican nake bi, domin wannan kotun ce ke da ikon sake duba batun taswira, kuma ƙuri'un mutanen biyu sun yi kusa da juna har ba a iya cewa ga wanda ya ci. Gobe in sha Allahu zan kai wa dattijon nan taswirar gundumarmu da na buga, domin ya roƙe ni ya ga inda layin ya bi tsakanin gidansa da nawa.