Ƙwan fitila mai wat 100 da ya cinye sabon batir a goslo

Mota tana kunne, inji yana juyawa, amma batir yana zubewa. Wannan ne abin da masu mota ba sa yarda da shi sai sun ga mita da idonsu, kuma shi ne na tarar a wata ƙaramar mota tokumbo da aka turo mini gareji a Agege, cikin Legas. Batirinta mai amfiya 62 ne, ko ledar hannunsa ba a gama cirewa ba, amma da safe sai an tura. Mai ita ɗan kasuwa ne a Mile 12, yana tashi bayan magariba ya bi Ikorodu Road zuwa gida, wato kusan duk tuƙinsa na dare ne, cikin goslo, ƙafa a kan birki.

Ya ce mini, "Malam, altaneta ce, a sauke ta." Na ce, "Alhaji, bari mita ta yi magana tukun."

Na ɗora mita a kan batir, inji yana silo, wato yana juyawa ba a taka totur ba, komai a kashe: bolt 14.1. Lafiya lau. Na kunna dim ya sauka 13.6. Na ƙara fitilun hazo guda biyu da aka ɗaura a ƙasan bamba, ya koma 13.1. Na kunna esi, na sa yaro ya taka birki ya riƙe, sai ga 12.3. Da na ba ta wuta zuwa juyi 2,000 ya hau 13.9 nan take. Altaneta, wato na'urar da ke cajin batir in inji na juyawa, ba ta da laifin komai. Cikakken batir da ya huta yana nuna 12.6, saboda haka duk lokacin da mota ke kunne ka ga ƙasa da haka, batir ne yake biyan ragowar kuɗin daga aljihunsa.

Da na zare ƙwan fitilar gaba na ga inda gizo ke saƙar. An rubuta 100/90 a gindinsa, wato wat 100 a fulayit, 90 a dim, alhali motar an yi ta ne da ƙwai samfurin H4 mai 60/55. Soket ɗin ya yi baƙi, robarsa ta narke ta manne da ƙafafun ƙwan.

Lissafin ba wuya. Ka raba wat da bolt ka sami amfiya. Ƙwai biyu na asali a dim wat 110 ne, amfiya 9 ke nan. Waɗannan manyan wat 180 ne, kusan 14. Fitilun hazo masu wat 55 kowanne sun ƙara 9. Ƙananan fitilun gaba da baya da na lamba suna cin kamar 3. Na birki wat 21 ne kowanne, kuma a goslo ba sa mutuwa, ka sa musu 4. Fitilu kaɗai sun tashi amfiya 30. Yanzu ka ɗora fankar esi, da fankar lagireto wadda ba ta hutawa muddin esi na aiki, da famfon mai da kwayil da birenbos, wato kwamfutar mota, ranar ruwa kuma ga waifa. Altanetar an buga 80A a jikinta, amma wannan adadi sai inji ya ɗauki wuta take bayar da shi. A silo da kyar take haura rabi. Na maƙala mita mai baki a wayar batir, ta nuna amfiya 20 suna fita maimakon su shiga. Awa ɗaya da rabi tsakanin Ketu da Fadeyi a daren da hanya ta cushe, amfiya 30 sun tafi, rabin batirin ke nan. Ɗan gudun minti goma da zai yi daga baya ba ya mayar da su, domin batir yana saurin bayarwa amma a hankali yake karɓa. Haka za a ajiye ta ta kwana da rabin caji, gobe a sake.

Batirin mota ba a yi shi don irin wannan rayuwa ba. Aikinsa ya ba kik wuta mai ƙarfi na daƙiƙa biyu, a cika shi nan da nan. In ya riƙa kwana a 12.2 ko ƙasa, wani farin gishiri yana kama farantan dalma na ciki ya daskare, wurin riƙe caji ya ragu, zafin Legas kuma yana hanzarta lalacewar. Na ɗora nasa a caja a kan amfiya 6, kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, ya kwana. Da ya huta ya dawo 12.1, ana murza makulli ya faɗi ƙasa da 9. Lafiyayye bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba. Sabon batir ya tafi a banza, kuma ba mai karɓarsa a garanti.

Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne dalilin da ya sa aka saka manyan ƙwayayen tun farko. Alhaji ya yi ƙorafin fitila ba ta haske, wani ya ce masa ƙwan ne ya yi ƙanƙanta. Ba wanda ya auna wutar da ke isa soket. Ni da na auna, batir yana 13.6, bakin ƙwai yana 11.7. Kusan bolt 2 sun ɓace a hanya: wayar at, wadda wuta ke komawa batir ta cikinta, da ke ɗaure a jikin bodi bayan fitila ta yi kore shar da tsatsa, abin da iskar teku da ruwan damina ke yi wa duk motar da ta daɗe a garin nan. Ƙwan halojin kuwa in bolt ya ragu da kashi 10, haskensa yana raguwa da wajen kashi 30. Ga gilashin fitilar ya yi ruwan ɗorawa. Aikin sanfefa da noti ɗaya ne, sai aka je aka ɗora wa siririyar waya kaya fiye da ƙarfinta, ta yi zafi, asarar ta ƙaru, hasken ma bai samu ba, shi ya sa aka ƙaro fitilun hazo.

Gyaran bai ɗauki yini ba. Na mayar da 60/55, na yanke soket ɗin da suka narke na sa masu jikin tangaran, a kasuwar kayan mota ta Ladipo ana samunsu. Na goge at har ƙarfe ya fito fari, na shafa girisi. Na ja waya mai kauri 2.5 kai tsaye daga batir ta fiyus mai amfiya 15 zuwa rile, wato ɗan makunnin da ke ɗaukar wuta mai nauyi, ɗaya na dim ɗaya na fulayit, makunnin sitiyari ya koma aikin kunna rile kawai. Na ɗaure fambel da ya ɗan saki, na wanke gilashi. Bakin ƙwai ya koma 13.4, ƙaramin ƙwan ya fi babban haske nesa ba kusa ba. Fitilun hazo na ba su makunninsu daban, na ce kada a taɓa su sai ana tafka ruwa a buɗaɗɗiyar hanya. A goslo ba ka buƙatar haska mita ɗari, bamban wani ne a gabanka. In layi ya tsaya cak, ka sa giya a P ko ka ja hambirki ka ɗaga ƙafa, ka rage fankar esi zuwa lamba ɗaya. Da komai a kunne yanzu mita tana tsayawa a 13.2 a silo.

Masu tambayar LED: gaskiya yana cin wuta kaɗan, yawanci amfiya 2 zuwa 3 kowanne, kuma a fitilun baya da na ciki ina saka shi ba gardama. A gaba kuwa, in ka cusa na arha cikin kwanon da aka ƙera don halojin, haske yana watsewa ya kashe idon mai zuwa, kuma lambar wat da ke jikin kwali ba abin dogaro ba ce, ka auna da mita.

Mantuwa da fitila a kunne lissafinta ɗaya ne. Manya da ƙanana tare amfiya 12 ne, cikin awa 3 batir mai 62 zai iya kasa juya kik. Ƙwan but mai wat 5 da makunninsa ya maƙale yana shan amfiya 10 cikin awa 24, mota ta yi kwana uku a ajiye ta ƙi tashi. Hazad ma ƙwai huɗu ne masu wat 21, wanda mota ta mace masa a Third Mainland Bridge ya bar su har mai janwe ya iso ya san da haka. In an yi maka jampa ka tashi, ka kai batirin caja ya cika a hankali, kada ka bar wa altaneta.

Kuma kada ka yarda wani ya cire kan batir mota tana kunne wai yana gwada caji. Wutar da ke tsalle a lokacin tana iya ƙona birenbos ko diyod ɗin altaneta, kuma ba ta gaya maka abin da ke faruwa a silo da fitila a kunne. Gwajin da zai nuna maka shi ne inji ya yi zafi, a kunna fitila da esi, a taka birki, a ɗora mita minti biyu.