Bangon ƙasa ba ya shiri da siminti

Da zarar ruwan watan Agusta ya kankama, wayata ba ta hutawa. Daga Rafindadi, daga Gobarau, daga lungunan Ƙofar Durɓi, kukan ɗaya ne: bangon ɗaki ya jiƙe, yaɓe ya tsattsage yana zubowa a kan gado. Aikinmu ke nan ni da yarana huɗu a birnin Katsina, gyaran tsofaffin gidaje, musamman na tubali masu rufin azara.

In na shiga ɗaki ba cokalin gini nake fara ɗauka ba. Bango nake bi ina ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. Inda yaɓe ya rabu da jikin gini, za ka ji yana amsawa kamar ƙwarya a kife. Daga nan sai neman mafarin danshin. Wanda ya taso daga ƙasa yakan tsaya kamu ɗaya ko biyu daga daɓe, da farin gishiri a bakinsa kamar an barbaɗa kanwa. Wanda ya sauko daga sama kuwa, ko indararo ne ya toshe, ko rufi ya loɓa ruwa yana kwana a kai. Wani lokacin ma kwatar maƙwabci ce ke lasar gindin katanga.

A wurin kawuna na koyi wannan. Shekara biyu na yi ina taka ƙasa da ƙafa kafin ya yarda na ɗora hannu a bango. Shi ya nuna mini yadda ake jiƙa makubar ɗorawa, da yadda ake haɗa laso, wato yaɓen da ke hana ruwa shiga gini, daga katsin marina da gashin majema da ruwan dafara. In kwaɓi bai kwana ya tsima ba, da ƙafa yake ture shi ya ce, "Ɗana, sake." Har yau in na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar jar ƙasa, shi nake tunawa. Allah ya jiƙansa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu aikin sha-yanzu-magani-yanzu. Sai yaro ya zo da buhun siminti ɗaya, ya lafta a jikin bangon ƙasa, ya bi da fenti mai mai, ya karɓi kuɗinsa. Siminti yana kulle danshi a ciki, ƙasar ta yi ta ruɓewa a ɓoye. Bara na ga haka a gidan wata dattijuwa wajen Ƙofar Marusa. Falle guda filastar ta ɓallo, abin da ke bayanta ya yi laushi har yatsana na nutsewa, ga gara ta yi gida.

Da na faɗi lokacin da aikin zai ɗauka sai ta ce, "Haba Malam, wancan yaron fa kwana biyu ya gama."

Na ce, "Hajiya, shi ya sa kika kira ni."

Muka kankare duk abin da ya mutu har muka taras da ƙasa mai ƙarfi, muka canza indararo, muka buɗe tagogi aka bar bangon ya sha iska sati uku. Tsagar da ke kusurwa mai zurfi ce, don haka muka faɗaɗa bakinta, muka ɗinke ta da guntayen azara kafin cikewa. Yaɓe kuma sau uku, kaɗan-kaɗan, kowanne sai ya bushe a bi da na gaba. In ka lafta da kauri lokaci guda, iskar hunturu za ta tsattsaga shi kafin ka wanke kwanon sarki. Farar ƙasa muka shafa a ƙarshe, domin ita tana barin bango ya fitar da gumi.

Bana da ruwa ya ɗauke na leƙa gidan. Na dafa gindin bangon da tafin hannu na ji shi a bushe ƙayau, Hajiya ma har ta mayar da gadonta jikinsa.