Haruffa Uku, NPC

Idan dattijo a Kaduna ya ji an ce NPC, hankalinsa zai koma kan Jam'iyyar Mutanen Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello, wadda ta jagoranci gwamnatin tarayya lokacin samun 'yancin kai a 1960. Ma'aikacin gwamnati kuwa hukumar ƙidayar jama'a yake nufi, wadda rabonta da ƙirga 'yan Najeriya tun 2006. A jaridun Turanci, haruffan kan nufi majalisar wakilan jama'ar ƙasar Sin. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na matasa masu wasannin kwamfuta, domin a wurinsu NPC mutum-mutumi ne na cikin wasa da na'ura ke sarrafawa, har sukan zolayi marar ra'ayin kansa da wannan suna.