Kolajin daga fatar kifi: sanyi ne rabin aikin

Duk wanda zai fitar da kolajin (furotin ɗin da ke ba fata ƙarfi, wanda ake nema don maganin ƙuna) daga fatar kifi a Gombe, ya tanadi sanyi kafin ya sayi sinadari ko ɗaya. Kolajin ɗin karfasa kan warware da zarar zafi ya haura digiri 30 da 'yan kai, ga shi a Maris da Afrilu garin kan taɓa 40. In ya warware ya zama jelatin, shi ke nan, ba ya komawa. Shi ya sa ake yin kowane mataki a digiri 4, tun daga bakin madatsar Dadin Kowa: ana feɗe fatar sai cikin ƙanƙara.

A kankare ɓawo da ragowar tsoka, a yanka ƙanana kamar farce. A jiƙa cikin ruwan NaOH (sinadarin soda mai ƙuna), giram 4 a litar ruwa, kashi 10 na ruwan ga kashi 1 na fata, kwana 1 zuwa 2 ana sauyawa. Sannan a yi ta wankewa da ruwan sanyi har santsin ya tafi, pH, wato ma'aunin tsami, ya dawo 7. Mai gaggawa a nan yake yin asara, domin ragowar NaOH kan rage wa asid ɗin da za a zuba daga baya ƙarfi.

Tarwaɗa ba ta da ɓawo, amma fatarta maiƙo ne da ita, dole a cire shi da butanol (sinadari mai narkar da maiƙo) kashi 10 cikin 100. In an tsallake wannan, kolajin ɗin zai fito da ƙarni.

Daga nan sai a jiƙa fatar cikin asetik asid, wanda ke narko kolajin ɗin, kamar mililita 29 a lita, kwana 2 zuwa 3 ana juyawa a hankali. Ruwan zai yi kauri da yauƙi. A tace, a zuba wa ruwan gishirin NaCl, wato gishirin girki, kaɗan-kaɗan har farin kolajin ya taru, a ware shi da santirifuj (injin da ke juyawa da sauri ya raba shi da ruwan), a fitar da gishirin ta dayalisis (jiƙa shi a ruwa cikin wata jaka da gishiri ke ratsawa amma kolajin ba ya ratsawa), a busar da injin daskarewa. Ɗaukewar wuta na dare ɗaya ya isa ya ɓata duka, don haka firjin yana bukatar sola ko janareta.

Ana ƙara fefsin, sinadarin ciki mai narkar da furotin, don a samu kolajin da yawa, sai dai mafi yawan wanda ake sayarwa daga tumbin alade yake. Wanda ya zaɓi kifi saboda halal ya duba kwalbar da kyau.

Farin abin da ya fito bai zama maganin ƙuna ba tukuna. Sai an tabbatar ta gwajin SDS-PAGE, mai rarrabe furotin, cewa kolajin nau'i na 1 ne, an kashe ƙwayoyin cuta ba tare da zafi ba, an kuma auna endotoksin (gubar da ƙwayoyin cuta kan bari) kafin a kai shi kusa da rauni.