Na je gaida Fada a Cork

Wankan jego ne ya kai ni ƙasar Ailan. 'Yata tana aikin jinya a Dublin, ta haifi ɗanta na fari, na ce ko bangon duniya ne sai na je na zauna mata arba'in. Tun kafin in bar Shendam labari ya bazu a coci, zumuntar mata suka ɗora mini aike: in dai na taka ƙasar nan, lalle in nemo Fada, tsohon limamin cocinmu na Katolika, in gaishe shi. Tsohon katikis ɗinmu har gida ya biyo ni da wasiƙa, da ƙullin kuka da daddawa. Kilishi ma an kawo, sai 'yata ta ce a waya kada in kuskura, doka ta hana shiga da nama. Muka bar shi a gida.

Fada shi ya yi mini baftisma ina yarinya, shi ya ɗaura aurenmu da marigayi maigidana, shi kuma ya tsaya a bakin kabarinsa. Shekara hamsin da 'yan kai ya yi a cikinmu. Da ƙafa ta gaza, ya faɗi har sau biyu, shugabanninsa suka ce ya koma gida. Ranar da na ji cewa gidan tsofaffi aka kai shi, ban iya cin abinci ba. A wurinmu wanda ba shi da kowa ake yi wa haka. Da wannan ciwon a zuci na shiga jirgin ƙasa.

Daga tashar Heuston ta Dublin jirgin Cork yake tashi, tafiyar kamar awa biyu da rabi. Watan Nuwamba ne, yayyafi tun asuba, irin wanda ba ya jiƙa mutum lokaci ɗaya amma sanyinsa sai ya kai ƙashi. Na zauna jikin taga ina kallon ƙasa, ko'ina kore shar. Shanu ne suka fi ɗaukar hankalina: baƙi da fari, manya, kowane garke a cikin shingensa, babu makiyayi, babu mai gadi. Duk wanda ya fito daga Filato ya ga haka sai ya yi ajiyar zuciya. Muka wuce Portlaoise, Thurles, Limerick Junction, Mallow, daga nan jirgin ya kutsa cikin wani dogon rami mai duhu, yana fita sai ga tashar Kent.

Mai tasi na jin na ce Blackrock Road bai ko tambayi lamba ba. Ya ce gidan Fadannin Afirka ke nan. Muka haye kogin Lee, ba a yi minti goma ba muka iso.

Wannan gida shi ne cibiyar ƙungiyar SMA a Ailan, wato ƙungiyar Fadannin da ke aikin mishan a Afirka. A birnin Lyon na Faransa aka kafa ƙungiyar a 1856, wanda ya kafa ta kuwa, Bishop de Marion Brésillac, bai yi wata biyu da sauka Freetown ba zazzaɓin shawara ya kashe shi a 1859. Mu mutanen Shendam tun muna yara ake karanta mana sauran labarin: a watan Fabrairu na 1907 Fada uku, Waller da Belin da Mouren, suka iso garinmu, suka kafa mishan na farko na Katolika a arewacin kogin Neja da Binuwai, suka kama noma a Demshin. Shekara ɗari cif bayan haka, a 2007, Shendam ta samu bishop nata. Ina tsaye a bakin ƙofa da ledar daddawa a hannu, sai na ji kamar na biyo rafin garinmu ne har na iso idonsa.

Wata nas ta raka ni ɓangaren St Theresa, inda ake kula da waɗanda jiki ya yi wa nauyi. Yana zaune a kujera mai taya kusa da taga, an rufa masa bargo a gwiwa. Ya rame. Mutumin da muka sani a kan babur, fuska ja da ƙura, yana ƙetare rafi da damina don ya kai wa mai mutuwa shafewar mai, ga shi hannunsa yana rawa a kan bargo. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, Fada." Ya kalle ni, ya daɗe yana kallo, sai ya kira ni da sunan yarinta, wanda tun rasuwar mahaifiyata ban ji shi a bakin kowa ba. Ya ce, "'Yata, sannu da zuwa. Ina gajiya? Ina mutanen gida?" Hausarsa tana nan garau, har da karin mutanen ƙasarmu. Na kasa amsawa, kuka ya ci ƙarfina.

Da na kwance ƙullin daddawa ya karɓa da hannu biyu, ya kai hanci, ya rufe ido. Warin ya cika ɗakin, nas ta ja da baya tana dariya, shi kuwa bai buɗe ido ba sai da ya gama abin da yake tunawa. Wasiƙar katikis ni na karanta masa, don idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Duk sunan da na ambata sai ya tsayar da ni: wannan ta sake aure? Wancan ya gama makaranta? Uku daga cikin waɗanda ya tambaya sun rasu. Kowanne sai ya yi alamar gicciye ya ce, "Allah ya ji ƙansa."

Ya ba ni labarin zuwansa na farko: an naɗa shi Fada bayan karatu a Dromantine, ya hau jirgin ruwa daga Liverpool zuwa Apapa, daga Legas jirgin ƙasa har Jos. Yana can cikin ƙauyuka mahaifiyarsa ta rasu, kafin saƙo ya same shi an riga an binne ta. Ban taɓa sanin wannan ba. Duk shekarun nan muna kai masa kukanmu, ba mu taɓa tambayarsa nasa ba.

A wurin abincin rana ne na fara sakin abin da na ƙulla a zuci. Tsofaffin Fada ne zagaye da tebur, wannan ya yi aiki a Kaduna, wancan a Kontagora, wani a ƙasar Yarbawa, wani a Laberiya. Da suka ji daga inda na fito, biyu suka juyo da "Sannu, Malama, yaya hanya?" Ashe a tsakaninsu ma in suna son tsokanar juna da Hausa suke yi. Dankalin turawa suke ci da kifi, hirar kuwa ta hunturu ce da farashin doya a kasuwar Namu. Da mai sanda da mai kujera, kullum tare suke Mas da safe.

Wajen ƙarfe biyu ƙanwarsa ta shigo, tsohuwa mai farin gashi, ɗauke da burodin da ta gasa da hannunta. Gidanta bai fi tafiyar minti ashirin a mota ba. Kusan kullum tana zuwa, ranar Lahadi kuma ɗanta yakan ɗauko Fada su ci abinci a gida da jikoki. Tana gyara masa wuyan riga tana yi masa faɗan bai sha maganin safe da wuri ba, shi kuma yana sunkuyar da kai kamar ƙaramin yaro. Ta riƙe hannuna ta ce da Turanci, saurayi suka ba mu aro, mun mayar musu da tsoho, amma ta gode Allah da aka mayar da shi da rai. Ta ce watannin farko sun yi masa wuya ƙwarai. Ya dawo ƙasar haihuwarsa ya tarar kuɗin da ya sani an daina kashe su, abokan yarinta yawanci suna ƙasa, coci ba ta cika kamar da. In ya farka cikin dare da Hausa yake kiran nas. Sai da ya fara koya wa jikanyarta ƙirga, ɗaya, biyu, uku, sannan ta ga ya soma zama.

Na dubi matar nan na tuna yadda muka yi ta ƙorafi a Shendam, wai me ya sa ba a bar shi ya tsufa a hannunmu ba. Mun manta cewa akwai wadda ta yi shekara hamsin tana jiran wanta. Ita ma tana da haƙƙi, kuma nata ya riga namu.

Ƙarfe huɗu da rabi gari ya fara duhu, dole in kama jirgi. Muka yi addu'a, shi ya ɗauko ta: "A gaishe ki Maryamu, cike da alheri," ni ina amsawa, ƙanwarsa tana bi da Turanci a hankali. Ya ɗora hannu a kaina ya sa wa jikana albarka. Har na kai ƙofa ya sake kira na. Mangwaron da ya dasa a bayan gidan Fada, guda shida a jere, suna nan? Na ce biyar suna nan, iska ta kayar da ɗaya bara, yara kuwa ba sa barin ko ɗanye.

Ina shiga jirgi na kira ɗan katikis, na ce gobe da safe ya je bayan gidan Fada ya ɗauko hoton bishiyoyin, duka biyar su fito, ya turo mini. Lambar ƙanwar tana cikin jakata, ta ce ita za ta nuna masa.