Farfaɗo da Tsofaffin Injinan Tattara Ingirici

Aikin da muka fi ƙwarewa a kai a wannan maƙera tamu shi ne farfaɗo da tsofaffin manjagarun tattara ingirici, har da waɗanda aka ƙera tun zamanin da doki ke jan kayan gona, da kuma sauya musu fasali yadda ƙaramar tarakta za ta ja su ba tare da ta hallaka su ba. Mutane da dama suna ganin su tarkace ne da za a ɗora a sikeli, alhali ƙarfen da ke jikinsu ya fi yawancin abin da ake tallatawa yau nagarta.

Mafi tsufa da ake kawo mana ita ce mai jibgewa, wadda ke da dogayen tayoyin ƙarfe biyu, da kujera a tsakiya, da jerin lanƙwasassun haƙora a baya da ke sharo ciyawa har su cika, sai mai tuƙi ya taka feda, haƙoran su ɗaga, ciyawar ta zube wuri ɗaya. Akwai mai turawa gefe, irin samfurin Rolabar na kamfanin New Holland, wadda sandunanta ke juyawa a karkace suna naɗe ciyawa ta zama dogon layi, kuma birgimar tayoyinta ce ke juya ta. Akwai kuma mai faya-fayai, wadda 'yan'uwan nan biyu, Cornelis da Arij van der Lely, suka fito da ita a ƙasar Holan a 1948, ba ta da giya, ba ta da sarƙa, gogar ƙasa kaɗai ke juya ta.

Abin da masu gyaran ganin ido ba su fahimta ba shi ne, injin da aka yi domin doki, an auna komai nasa ne da takun doki. Cire sandunan da ake ɗaura wa dabba a haɗa masa dogon ƙarfen ja da zai shiga bayan tarakta ba shi da wuya, kowane mai walda zai iya. Gwanintar tana ga abin da ke biyo baya. Cibiyar tsohuwar taya ba ta da boris, ƙarfe ne kan ƙarfe da giris a tsakani, don haka idan aka ja ta da gudu sai ta yi zafi ta cinye gatarin, wato sandar ƙarfen da tayar ke juyawa a kai. Mukan ƙwaƙule cibiyar mu dasa sabon bushin, wato zoben da ke shiga tsakaninta da gatarin, mu ɗaura igiya a fedar yadda direba zai jibge ciyawa daga kujerarsa, mu kuma daidaita tsawon ƙarfen jan domin kada tayar tarakta ta bugi injin a kwana. Idan mai shi yana son ɗaga manjagara sama a kan hanya, mukan yi mata firam da zai hau maƙalar bayan tarakta mai kusurwa uku da Harry Ferguson ya ƙirƙiro, wadda ta yaɗu da taraktar Ford 9N tun 1939.

Haƙoran su ne rayuwar injin, kuma a kansu ne raina ya fi ɓaci. Ana yin su ne da ƙarfen sifirin, wanda zai lanƙwasa idan ya ci karo da dutse sannan ya koma yadda yake. Yanzu kasuwa ta cika da na kwaikwayo, rodi ne kawai aka lanƙwasa aka shafa masa fenti, kuma kafin a gama gona ɗaya sun miƙe. Maigidana da ya koya mini sana'a bai bar ni na riƙe abin walda ba sai da na iya bambance ƙarfe da kunne: yakan rataye haƙori da zare ya ƙwanƙwasa shi, mai kyau ya yi doguwar ƙara mai zaƙi, na banza ya yi gum. Shi ne kuma ya hana ni yi wa karyayyen haƙori walda, domin wuta tana kashe taurinsa, zai sake karyewa a gefen ɗinkin, guntun ya ɓace cikin ingirici, ya lalata injin ɗaure ingirici ko saniya ta haɗiye shi. Duk da haka sai mutum ya zo yana ja-in-ja a kan kuɗin aiki, yana cewa wani ya yi masa tayin haƙora masu araha, ba ya lissafin saniyar.

Ba ma miƙa injin ga mai shi sai mun gwada shi a fili. Mukan saita haƙoran su riƙa shafar kan kututturen ciyawa kawai ba tare da sun tona ƙasa ba, saboda ƙasa a cikin ingirici tana rage masa daraja, tana kuma cinye haƙoran. Mukan kuma shawarci mai alfalfa, wata ciyawar dabbobi mai yawan ganye, ya tattara tun tana da ɗan laima, kafin ganyen ya bushe ya kakkaɓe, tunda a ganyen amfanin yake. Duk wanda zai kawo mana tsohuwar manjagara, ya haɗo da tsofaffin haƙoranta ko da karyayyu ne, domin da su muke auna lanƙwasar sababbin.